Mu hau dandamali da labarinsu, ko mu jira kotu?

Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta nan.

Mu bakwai ne muke da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wata takwas ke nan muna zama da wasu mata da aka zo aka tafi da mazajensu ko 'ya'yansu, har yau ba amo ba labari. Ba zan faɗi wuri ba, ba kuma zan faɗi su wa suka tafi da su ba, kun san dalili. Mun ɗauki muryar mata 11 a waya. Akwai wadda ta ce mana har yanzu takalman ɗanta suna bakin ƙofa, in ta zo shara sai ta ɗaga su, ta share ƙarƙashi, ta mayar da su yadda ya bar su. Da wannan maganar muka buɗe wasan da muka rubuta.

Shekaranjiya na kai wa kawuna rubutun, shi kuma ya daɗe yana aikin lauya. Shafi biyu ya karanta ya ajiye, ya ce in muka hau dandamali da wannan, mun kashe musu shari'a tun ba a shigar ba. Ni kuwa abin da nake gani, shekara uku ba wanda ya saurare su. Don Allah masu sani, mu yi wasan ko mu haƙura?

Barista Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kawunki ba ƙarya ya yi ba, ya dai gajarta miki bayani ne. Abin da lauyan wanda ake tuhuma yake nema a duniya shi ne saɓani tsakanin abin da shaida ta faɗa jiya da abin da ta faɗa yau. A ce matar ta gaya muku da daddare aka zo, ku kuma don wasa ya yi armashi kuka mayar da shi asuba. Ta kalli wasan sau biyar, tana kuka. Bayan shekara shida a titsiye ta a gaban alƙali, ta ce asuba. Sai a fito da rikodin ɗinku a kunna. Shi ke nan an rushe ta, alhali ba ƙarya ta yi ba. Ƙwaƙwalwar mutum tana aron abin da ta gani ta haɗa da abin da ya faru.

Na biyu, in matan nan sun zauna tare suna jin labarin juna, za a ce haɗa baki suka yi. Shi ya sa masu wannan aiki suke ɗaukar bayanin kowa shi kaɗai, da rana da wata, da sunan wanda ya ɗauka.

Danjuma: Barista, wace kotun? Kullum a jira kotu, a jira rahoto. Kwamitin Oputa, mai binciken take haƙƙin ɗan Adam a Najeriya, an kafa shi a 1999, mutane suka je suka yi ta kuka a gaban kyamara, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyi ne daga baya suka saka shi a intanet da kansu. Rabi, ku yi wasanku. Takarda ba ta taɓa tsorata mai bindiga ba.

Malam Idi: Danjuma, a kan takarda kam ban yarda da kai ba, kuma zan ba ka labarin Chadi.

Hissène Habré ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990. Yana da 'yan sandan ciki da ake kira DDS, su ke kame da azabtarwa. Wani akanta mai suna Souleymane Guengueng yana cikin waɗanda aka kulle, ya yi alkawari tun yana kurkuku cewa in ya fita da rai sai ya nemi haƙƙi. Da Habré ya gudu Senegal, mutumin nan ya bi waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya tara bayanan sama da mutum 700, ya ɓoye su shekara da shekaru saboda tsoffin ma'aikatan DDS suna nan suna yawo a gari, wasu ma da muƙami. A 2000 aka shigar da ƙara a Dakar. A 2001 masu bincike na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS a Njamena suka tarar da takardu zube a ƙasa, ƙura ta rufe su. Da aka zauna aka tantance, an samu sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. Da hannunsu suka rubuta, har da rahotannin da ake aika wa shugaban kai tsaye.

Ranar 30 ga Mayu 2016 kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. A tsare ya mutu a 2021. Takarda ce ta kama shi, Danjuma.

Danjuma: Malam, daga 1990 zuwa 2016 shekara nawa ke nan? 26. Mutum nawa cikin masu ƙarar suka mutu suna jira? Kuma diyyar da kotu ta ce a biya su, shekaru suka shuɗe ba su ga ko sisi ba.

Malam Idi: Wannan gaskiyarka ce, ba zan musa ba.

Hajiya Turai: Ku bar ni in sa baki, don na fi ku daɗewa a wannan harka, gwiwoyina ma sun shaida.

Malam Idi, labarinka daidai ne amma ka tsallake tsakiyarsa. Takardun nan ba su tashi da ƙafarsu sun je Dakar ba. Shekara 16 tsakanin shigar da ƙara da hukunci, Senegal tana ja da baya, ana kai maganar Beljiyam, ana kai ta Tarayyar Afirka, ana kai ta kotun duniya. Su wa suka hana maganar ta mutu? Waɗanda aka zalunta ne da lauyarsu Jacqueline Moudeina, wadda aka jefa wa gurneti a wajen wata zanga-zanga a 2001, ta warke ta dawo ta ci gaba. Da sun zauna a gida suna jiran takarda ta yi aikinta, da har yau tana cikin kwali.

Ni abin da na koya, fayil ba ya kuka. Sai an samu masu ɗaukarsa a ka suna zagayawa da shi har a gaji da ganinsu.

Rabi: Hajiya, to ai abin da muke so mu yi ke nan, mu ɗauka a ka.

Hajiya Turai: Tsaya 'yata, ban gama ba, kuma inda zan nufa ba zai yi miki daɗi ba. Da kuka kunna waya kuka ɗauki muryarsu, me kuka ce musu za ku yi da ita?

Rabi: Mun ce muna so duniya ta ji.

Hajiya Turai: Duniya ta ji. Ita matar da kika ba mu labarin takalmanta, a ranta wace ce duniya? Watakila tana nufin wani babba a wani ofis mai nisa da zai sa a sako mata ɗa. Ba lallai tana nufin maƙwabtanta su zauna a benci suna kallon wata yarinya tana kwaikwayon kukanta ba. Kuma ko kun canza suna, duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san takalman nan. Wanda ya tsegunta ɗan nata ma ya san su. Ku bakwai za ku tattara kayanku ku koma gida bayan tafi, ita kuwa a nan za ta kwana.

Na taɓa yin wannan kuskure da kaina, shi ya sa nake faɗa da zafi. Shekarun baya wata ƙungiya da na yi wa aiki ta buga labarin wani bawan Allah, muka sakaya sunansa, amma muka bar sana'arsa da yawan 'ya'yansa. Kwana tara aka je masa. Bai mutu ba, alhamdu lillahi, amma bai sake amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Rabi: Innalillahi. Wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Bintu: Anti Rabi, tambaya: muryoyin suna ina yanzu?

Rabi: A wayata, sannan na tura wa 'yan ƙungiyarmu ta WhatsApp.

Bintu: Wato suna cikin waya bakwai. Ɗaya ta faɗi ko a karɓe ta a shingen bincike, mata 11 sun shiga uku. Yau ɗin nan ki sa kowa ya goge nasa. Asalin fayil ɗin da ke wayar da aka yi ɗaukar da ita kuma kada ki taɓa shi, kada ki yanke, kada ki canza masa suna. Ki kwafe shi zuwa ma'ajiya biyu masu lambar sirri, a ajiye a wurare daban. Sunayen matan su zauna a wata takarda dabam, fayil ɗin lamba kawai zai ɗauka.

Dalilin da ya sa na nace a kan asali: hoto ko bidiyo yana ɗauke da bayanan ɓoye, kamar lokacin da aka ɗauka, da irin wayar, wani lokaci har da wurin. Da zarar ya bi ta WhatsApp ko Facebook yawancin bayanan nan sun tafi. Kuma kada kowa ya ɗauki intanet a matsayin rumbu. A 2017 YouTube ya sauke ɗimbin bidiyoyin yaƙin Siriya saboda manhajarsa ta ɗauke su a matsayin farfagandar ta'addanci, alhali da yawa shaida ce da mutane suka sai da ransu suka ɗauka. A wannan shekarar kuma kotun manyan laifuka ta Hague ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmoud al-Werfalli, kuma bidiyoyin da aka saka a soshiyal midiya suna cikin manyan hujjojinta. Abin yana aiki, in an adana shi yadda ya kamata. Har ƙa'ida aka fitar a 2020, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da jami'ar Berkeley, kan yadda ake tattara irin wannan shaida.

Danjuma: To kun gani. Yarinya ta zo da wasa, kun mayar da ita ma'aikaciyar ajiye fayil.

Kabiru Mai Zane: Ni ma abin da ke cina ke nan. Tun ɗazu ana magana kamar fasaha wata 'yar rakiya ce, a bar ta a waje sai manya sun gama. Bari in tuna muku Ajantina.

Sojoji sun yi mulki daga 1976 zuwa 1983, suna ɗauke mutane ba a sake ganinsu. Ranar 30 ga Afrilu 1977 iyaye mata 14 suka tsaya a dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar gwamnati. An hana taro, 'yan sanda suka ce su yi gaba, sai suka fara zagaye dandalin bibbiyu. Daga baya suka riƙa ɗaura farin ƙyalle a ka, asalinsa ma ƙyallen da ake ɗaura wa jarirai ne. Ku gaya mini, wannan ba wasan kwaikwayo ba ne? Ga dandamali, ga sutura, ga lokaci, kowace Alhamis. Ba su da fayil ko ɗaya a lokacin da zai tsaya a kotu. Abin da suke da shi hoton ɗa ne a ƙirji.

A Satumban 1983 kuma masu zane suka haɗu da su, mutum ya kwanta a kan takarda a zagaye jikinsa da alƙalami, a manna siffar a bango. Gari ya waye, bangon Buenos Aires cike da siffofin mutane babu fuska. Gwamnati tana cewa ba wanda ya ɓata, ga inuwarsu a tsaye a kan titi. Wane rahoto ne zai yi wannan a dare ɗaya?

Malam Idi: Kabiru, ka kawo misalin da ya fi kowane dacewa, amma ka ƙarasa shi. Azucena Villaflor, wadda ta fara tara matan nan, ita ma an ɗauke ta a Disambar 1977. Shekara 28 ba a san inda take ba. Sai a 2005 ƙungiyar masana binciken ƙasusuwa ta Ajantina, wadda aka kafa a 1984, ta tabbatar da gawarta a cikin waɗanda aka binne ba suna bayan teku ta turo su gaɓa. Karayar ƙasusuwan ta nuna daga sama aka jefo ta, wato abin da aka daɗe ana faɗa cewa ana jefa mutane teku daga jirgi. Sannan kwamitin da aka kafa bayan faɗuwar sojoji ya rubuta mutum 8,961 a rahotonsa na 1984, duk da ƙungiyoyi suna cewa adadin ya kai 30,000, kuma rahoton ya yi amfani a shari'ar manyan hafsoshi ta 1985. Farin ƙyallen ya hana a manta, masu tono kuma suka hana a musa.

Kabiru Mai Zane: Na yarda. Amma ka lura da wanda ya fara. Ƙyallen ya riga masu tono da shekara bakwai. Da Barista yana wurin a 1977 da ya ce su koma gida kar su ɓata shari'a.

Barista Sani: Haba Kabiru, kada ka sa mini magana a baki. Matan nan da kansu suka fito, da fuskarsu da sunansu, sun san abin da suka taro. Ba wani ne ya karɓi labarinsu ya je yana nunawa ba. Haka matan Chile bayan juyin mulkin 1973, da suke ɗinka labarinsu da guntayen yadi a kan buhu, wani lokaci da yankin tufafin wanda ya ɓata, ana fitar da su ƙasashen waje ta hannun wani ofishin cocin Katolika. Mai labarin ce riƙe da allurar. Bambancin ke nan da abin da Rabi take shirin yi.

Hajiya Turai: Yauwa Barista. Nan ne gizo yake saƙar.

Mai Kula da Zaure: Tunatarwa: an goge saƙo biyu da suka nemi Rabi ta faɗi garin. Duk wanda ya sake tambaya zan cire shi.

Danjuma: Ni ban tambaya ba. Amma bari in faɗi wani abu da zai ba ku mamaki daga bakina. Kabiru, kada ka ɗauka mai fasaha kullum yana ɓangaren gaskiya. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM da kiɗa da barkwanci yake jan matasa, a tsakani yana karanto sunayen waɗanda za a kashe. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta yi shari'ar kisan kiyashin Ruwanda a Arusha ta ɗaure jagororinsa a 2003, ta kuma ɗaure wani fitaccen mawaƙi shekara 15 a 2008 saboda tunzura jama'a. Abin da yake sa mutane kuka shi ne dai yake sa su ɗauki adda. In wasanku ya tashi, 'yan kallo suka fita da wuta a ƙirji, suka nufi gidan wanda ake zargin shi ya yi tsegumi, wa zai ɗauki alhaki?

Rabi: Yaya Danjuma, ɗazu kai ne ka ce mu yi wasanmu.

Danjuma: Har yanzu ina cewa ku yi. Cewa na yi ku san abin da kuke riƙe da shi.

Kabiru Mai Zane: Kuma ku san ku ma ba ku tsira ba. A Kenya a 1977 marubuci Ngugi wa Thiong'o ya yi wasa da manoma da ma'aikata a ƙauyen Kamiriithu, cikin harshensu na Kikuyu. Littattafansa na Turanci sun daɗe suna sukar masu mulki ba a kulle shi ba. Da talakawa suka hau dandamali suna faɗa da bakinsu, sai aka tsare shi shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe filin wasan. Danjuma ya ce takarda ba ta tsorata mai bindiga. To wasa yana tsorata shi, shi ya sa yake zuwa da katafila.

Malama Asabe: Tun ɗazu ina karatu ban ce komai ba. Ni ɗan'uwana ne ya ɓata, shekara tara ke nan. Mutane iri uku sun zo mana. Masu bincike sun zo da fom, suka yi tambaya 40, suka tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. 'Yan fafutuka sun zo suka buga hotonsa a riga, aka yi maci sau biyu, sai wata sabuwar magana ta taso suka koma can. Wani mai waƙa ya sa sunansa a baiti, mahaifiyarmu ta ji a wayar wani yaro, ba wanda ya gaya mata. Ta yi kwana uku ba ta fita ba.

Ban ce kowa cikinsu mugu ne ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayarmu me muke so. Da an tambaye ni, da na ce ina so in san ko in yi masa addu'ar mamaci ko ta matafiyi. Matarsa tana so ta san ko ita mai aure ce ko mai takaba. Rabi, ki koma wurin matar nan ki karanta mata shafin da takalman suke, da bakinki, ku biyu. In ta ce a cire, ki cire, ko da shi ne ya fi komai kyau a wasan.

Hajiya Turai: Allah ya bayyana shi, Asabe. Allah ya ba Mama haƙuri.

Barista Sani: Amin. Malama Asabe, abin da kika faɗa yana cikin doka ma, ba tausayi kawai ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɓatar da mutane, ta 2006 wadda ta fara aiki a 2010, ta ɗauki iyalan wanda ya ɓata a matsayin waɗanda aka zalunta su ma, kuma ta ce suna da haƙƙin sanin gaskiyar abin da ya faru. Tana kuma kallon laifin a matsayin wanda yake ci gaba muddin ba a bayyana inda mutumin yake ba. Wannan yana da amfani, Rabi, don yana nufin lokaci bai ƙure musu ba kamar yadda ake tsorata su.

Shawarata a aikace: kafin komai, a samu wanda ya iya ya ɗauki cikakken bayanin kowace mace ita kaɗai, a sa hannu, a adana. In an yi wannan, rabin tsoron kawunki ya kau, don akwai bayanin farko da ya riga wasan. Sannan wasan kada ya zama labarin mutum ɗaya da za a iya nunawa da yatsa.

Kabiru Mai Zane: Ko kuma ku juya abin gaba ɗaya. Akwai salon da Augusto Boal na Birazil ya fito da shi, inda ake tsayar da wasa a tsakiya, ɗan kallo ya taso ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada tasa dabarar. Ku fara yi wa matan su kaɗai, ƙofa a rufe. Su za su gaya muku inda kuka yi ƙari da inda kuka yi ragi. Watakila ma wata ta ce ita za ta hau.

Barista Sani: Bayan an ɗauki bayanan, Kabiru. Ba kafin ba.

Kabiru Mai Zane: Naka dai bayan, bayan. Na ji.

Danjuma: Ni har yanzu ban ga kotun da za a kai bayanan ba.

Malam Idi: Guengueng ma bai gan ta ba lokacin da yake tarawa.

Rabi: Na gode muku duka. Malama Asabe, na karanta saƙonki sau uku. Na yi wa 'yan ƙungiyarmu magana, huɗu sun goge, biyu ba su ɗauki waya ba tukuna, zan bi su gida da yamma. Bintu, zan neme ki ta akwatin sirri kan maganar lambar sirri, don ban iya ba. Ranar da muka sa za mu fara nuna wasan na ɗage ta, ban sa wata ba.

Jibi zan je wurin mai takalman. Hajiya, in na je, in fara da karanta mata, ko in fara da neman afuwar tura muryarta da na yi?

Hajiya Turai: Fara da afuwar. Kuma ki bar wayar a gida.